Zaman Majalisa da Hidimomin Dattawa a Garin Dalijan

Dalijan ɗaya ce daga cikin mazaɓu 10 da suka haɗu suka yi Ƙaramar Hukumar Gwandu a Jihar Kebbi, tare da irin su Kambaza da Malisa da Dodoru da Gulmare da Maruda. Ita Gwandu da Kalgo duka suna cikin ƙananan hukumomin da ke ƙarƙashin Masarautar Gwandu. A ƙidayar jama'a ta shekarar 2006 an samu sama da mutum dubu 150 a Gwandu, da kimanin dubu 85 a Kalgo. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya tana nuna cewa kimanin mutum 5 cikin kowane 100 na 'yan Nijeriya sun kai shekara 60 ko sun wuce, don haka ko da tsohon adadin nan muka yi lissafi, dattawan waɗannan ƙananan hukumomi biyu sun haura dubu goma. A wannan shafi za mu yi wa jama'a bayani ne a kan yadda waɗannan bayin Allah suke haɗuwa, da ayyukan da suke gudanarwa a tsawon shekara, da kuma abin da ya rage a yi domin shirye-shiryen hukuma su riƙa isa gare su.

Sau da yawa idan jami'an walwalar jama'a suka shiga gari suka tambaya ko akwai ƙungiyar tsofaffi, amsar da ake ba su ita ce babu. Ta fuskar takarda amsar daidai ce, domin ba a saba ganin hatimi ko katin zama mamba ba. Amma duk wanda ya kwana biyu a Dalijan ko wani gari irinta a ƙasar Gwandu zai ga cewa ƙungiyar tana nan, kuma tana zama kullum. Sunanta majalisa. Idan muka ce majalisar dattawa a nan, ba ta Abuja muke nufi ba, muna nufin tabarmar da ake shimfiɗawa a ƙofar gida ko gindin darbejiya ko a inuwar masallaci, inda sa'o'in juna suke zama tun suna samari har furfura ta cim musu. Kowace majalisa ta san 'ya'yanta. An san wanda yake fara zuwa, an san wurin zaman kowa, an san mai rediyo da mai kawo goro, kuma an san wanda idan ya yi magana ake yin shiru. Idan baƙo ya tsaya ya ce, “Baba, barkanku da hutawa,” babban cikinsu ne zai fara amsawa, sannan saura su bi.

Yinin majalisa yana bin lokutan salla ne. Bayan Asuba waɗanda suke ɗaukar karatu sukan wuce zauren malam da littattafansu, daga Ahalari da Ishmawi har zuwa Iziyya da Risala, kuma ba abin mamaki ba ne a ga mai shekara 70 yana bita tare da ɗan cikinsa. Da hantsi mai sauran ƙarfi ya leƙa gona ko fadama, mai tumaki ya ba su harawa. Zaman sosai yana kankama ne daga La'asar zuwa Magariba, lokacin da ake sauraron labarai, a tattauna farashin taki da na albasa, a ji wanda ya haihu da wanda ya kwanta ciwo. Wasu majalisun suna buga dara, wasu kuma suna ganin ta wuce shekarunsu.

Hidimomin shekara

Babban aikin majalisa yana fitowa ne a ranar buki da ranar baƙin ciki. Babu auren da ake ɗaurawa ba tare da dattawa ba, domin daga cikinsu ne ake samun waliyyin amarya da wakilin ango, su ne suke kai gaisuwar neman aure, su tsayar da sadaki, su raba goro. Sanin da suka yi wa asalin gidaje shi ne yake hana a haɗa auren da shari'a ta hana, musamman ta wajen shayarwa, wadda ba a rubuta ta a ko'ina sai a ƙwaƙwalwar tsofaffin mata. A ranar suna su ne a sahun gaba tun da sassafe. Idan kuwa rasuwa aka yi, majalisar mamacin ce take komawa ƙofar gidansa ɗungurungum ta karɓi gaisuwa, kuma a cikinta ne ake samun masu shaida a kan bashin da yake bi da wanda ake binsa, da iyakar gonarsa, kafin a zo rabon gado.

Watan azumi shi ne lokacin da dattawa suka fi samun haɗuwa. Wuraren tafsiri sukan cika da su, kuma a ƙasar Gwandu wannan abu yana da tushe mai zurfi, domin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a shekarar 1829 aka kuma binne shi a garin Gwandu, shi ne mawallafin tafsirin nan mai suna Diya'ut Tawili da malamai suke ji da shi har gobe. Hubbarensa yana karɓar maziyarta daga nesa da kusa, kuma ga tsofaffin garuruwan da ke kewaye, zuwa Gwandu ziyara ce da sada zumunci a tafiya ɗaya. Bayan azumi sai gaisuwar Salla, inda ake bin manya gida gida, sannan rakiyar maniyyata da tarbar alhazai.

Damina da kaka suna da nasu aikin. Kafin ruwa ya sauka dattawa ne suke kiran gayyar gyaran maƙabarta da yashe magudanan ruwa, su tsaya a kan matasa har a gama. Idan ruwa ya yi jinkiri su ne suke ba liman shawarar a fita roƙo. Amma aikin da ya fi kowane nauyi shi ne na lokacin kaka, sa'ad da dabbobi suke gangarowa alhali wani bai gama kwashe amfanin gonarsa ba. Dattijon da ya san inda burtali ya bi tun kafin gonaki su matse shi, ya kuma san kakan manomin da kakan makiyayin, yakan kashe wutar da idan ta kai gaban alƙali sai an yi asarar kuɗi da zumunci. Akan zauna da mai unguwa da arɗo, a je a ga ɓarnar da ido, a ƙiyasta, a biya, kowa ya tashi. Ba a rubuta irin wannan sulhu a kundin kowace kotu, shi ya sa ba a cika lissafa shi cikin ayyukan da suke tsare zaman lafiyar jiha ba, alhali yana cikin manyansu.

Har ila yau hukumomin lafiya sun daɗe da gane amfanin wannan zama. Tun daga shekarar 2009, lokacin da sarakunan Arewa suka kafa kwamitinsu na kula da lafiya a matakin farko bisa jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka shiga aikin rigakafin shan inna gadan gadan, kuma a ƙauye maganar mai unguwa ba ta tafiya sai dattawan unguwa sun amince. A watan Agusta na shekarar 2020 aka tabbatar da cewa an raba Nijeriya da ƙwayar cutar ta asali. Duk gidan da ya buɗe ƙofa bayan ya taɓa rufewa, akwai wani tsoho da ya sa baki.

Ɓangaren iyaye mata

Iyayenmu mata ba su zaman ƙofar gida, amma tsarinsu ya fi na maza ƙarfi ta wajen kuɗi da lissafi. Adashi yana hannunsu, kuma uwar adashi galibi dattijuwa ce da aka yarda da amanarta, wadda take riƙe da zubin mutum ashirin ko talatin a ka ba tare da ta rubuta ko ɗaya ba. Haka nan gudummawar buki: abin da Inna ta kai gidan wance shekara biyar da suka wuce yana nan a lissafe, kuma zai dawo mata da ƙari ranar da za ta aurar da jikarta. Su ne suke zaman jego da wankan jariri, su ne suke wankan gawar mace, su ne kuma ake aikawa bikon matar da ta yi yaji. Da yawansu suna riƙe da kansu da sana'ar daddawa da ƙuliƙuli da fura da saƙar faifai, jikoki suna kai musu talla ko masu saye su biyo su gida.

Wannan tsari na tsofaffin mata yana da tarihi a wannan yanki da ya kamata a riƙa tunawa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda Malam Abdullahin Gwandu yake baffanta, ta kafa tsarin da aka sani da 'Yan Taru a ƙarni na 19. Ta zaɓi dattijan mata masu hankali da riƙon amana daga garuruwa da ƙauyuka, ta naɗa kowace a matsayin jaji, ta ba ta malfa a matsayin alamar muƙami. Jaji takan jagoranci ayarin mata, galibi waɗanda suka wuce haihuwa da kuma 'yan mata ƙanana, su taka zuwa wurin Nana su ɗauki karatu, su koma su koyar da matan da aure ya tsare a gida. Sukan zo da sadakar hatsi da tufafi a raba wa mabuƙata, a garuruwansu kuma su ne masu kula da marasa lafiya da sasanta mata. Bayan rasuwar Nana Asma'u ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon tsarin. Abin lura a nan shi ne, an ɗauki tsufa a matsayin cancantar riƙe aiki, domin shekarun ne suka ba mace damar fita da kuma bakin faɗa a ji. Duk mai son ya tsara ƙungiyar tsofaffin mata a ƙasar Gwandu a yau yana da abin koyi a gida.

Waɗanda ba su iya fitowa

Hausawa suna cewa zumunta a ƙafa take, kuma a nan ne raunin majalisa yake. Duk amfanin da muka lissafa a sama yana samuwa ne ga wanda yake iya takowa. Ranar da gwiwa ta ƙi, ko yanar ido ta rufe gani, ko hawan jini ya kai ga shanyewar ɓarin jiki, sai tabarmar mutum ta zama babu kowa. Makon farko abokai za su yi ta zuwa dubiya. Bayan wata biyu sai ranar Juma'a. Bayan shekara, idan ba a yi hattara ba, sai dai a ce, “Allah sarki, Malam yana ciki.” Ba rashin tausayi ne yake kawo haka ba, su ma masu zuwa dubiyar ƙarfinsu yana raguwa ne.

Da can gandu yana rufe wannan giɓi, domin 'ya'ya da jikoki suna gida ɗaya, suna noma gona ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya. Yanzu gandu ya ragu ƙwarai, kuma da zarar an gama kaka matasa da yawa sukan tafi ci rani Legas ko Ibadan ko Abuja, wasu ma ba su dawowa sai da Salla. Kuɗin da suke aikowa ta waya yana sayen hatsi da magani, amma ba ya ɗaga tsoho ya kai shi bayan gida, ba ya kuma zama ya yi hira da shi. Watannin da matasan ba su nan kuwa su ne mafi tsanani ga mai shekaru: sanyin hunturu da ƙurarsa daga Disamba zuwa Fabrairu suna tayar da tari da ciwon gaɓoɓi, sannan zafin bazara na Maris zuwa Mayu, wanda yakan haura digiri 40 a wannan yanki, yana busar da jikin tsoho tun kafin ya ji ƙishirwa. Wadda ta fi kowa shiga haɗari ita ce tsohuwar da mijinta ya rasu, ba ta da ɗa a kusa, ƙarfin zubin adashi kuma ya ƙare mata, domin da ta daina zubi sai sunanta ya fita daga lissafin da ake tunawa da mutane.

Abin takaicin shi ne, da yawa daga cikin abubuwan da suke kwantar da tsofaffi suna da magani. Yanar ido, wadda ita ce kan gaba wajen makantar da masu shekaru, ana cire ta da ɗan gajeren aiki, mutum ya koma yana karanta Alƙur'aninsa. Hawan jini da ciwon suga ana gano su da awo na 'yan mintoci a asibitin matakin farko, idan abin ya fi ƙarfinsu a tura mutum babban asibiti a Birnin Kebbi ko na gwamnatin jiha da ke Kalgo. Muna jan hankalin jama'a da su guji kai tsoho wurin masu kwantar da yanar ido da tsinke a kasuwa ko a gida, domin sau da yawa idon da likita zai iya cetowa a nan yake mutuwa gaba ɗaya.

Abin da doka ta tanada

Kula da tsofaffi ba alfarma ba ce a dokar ƙasa. Sashe na 16 na Tsarin Mulkin 1999 ya ambaci kula da masu tsufa da biyan fansho cikin manufofin da hukuma za ta sa a gaba, sashe na 17 kuma ya ce a kare yara da matasa da tsofaffi daga ci da gumi da yin watsi da su. A farkon shekarar 2018 aka sa hannu a kan dokar da ta kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2021, kuma a wannan shekarar ce Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da Manufar Ƙasa a Kan Tsufa. Dokar cibiyar tana magana ne a kan masu shekara 70 zuwa sama, ita kuwa manufar ta fara lissafi daga shekara 60, don haka yana da kyau mai neman wani shiri ya tambayi ma'aunin da ake amfani da shi. Ta fuskar lafiya, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin asusun kula da lafiya a matakin farko, sannan dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sanya tsofaffi cikin rukunin masu rauni da ya kamata a ɗauke wa nauyin biya. A Jihar Kebbi hukumar KECHEMA ce take kula da shirin taimakekeniyar lafiya. Akwai kuma ranar 1 ga Oktoba, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe tun 1990 a matsayin Ranar Tsofaffi ta Duniya.

Dukkan waɗannan shirye-shirye suna aiki ne da suna da lamba. Jami'in da aka turo daga hedikwata yana zuwa ne da takardar cikewa, yana da yini ɗaya ko biyu, kuma waɗanda zai gani su ne waɗanda suka iya fitowa ƙofar fadar hakimi ko dagaci. Ma'ana, mai sauran ƙarfi shi ne yake shiga rajista, wanda yake kwance a ɗaki, wanda dominsa aka yi shirin, shi ne ake tsallakewa. Haka abin yake a rajistar masu ƙaramin ƙarfi ta ƙasa, wadda aka gina ta a kan jama'ar gari su nuna mabuƙatansu da kansu: wanda ba a tuna da shi a wurin taron ba, ba zai shiga ba.

A ganinmu, abin da majalisun Dalijan da na sauran garuruwan Gwandu da Kalgo suke buƙata bai wuce littafi ɗaya na makaranta da mutum ɗaya mai rubutu ba, da boko ko da ajami. A kusan kowace unguwa akwai tsohon malamin firamare ko ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya yi ritaya wanda zai iya riƙe wannan aiki. A rubuta sunan kowane dattijo da dattijuwa na unguwar, a fara da waɗanda ba su fitowa, a nuna wanda yake kula da kowannensu, da larurar da take damunsa, da kuma ko yana da lambar shaidar zama ɗan ƙasa, wato NIN, domin yawancin shirye-shiryen yanzu ba su karɓar mutum sai da ita. Sunayen mata kuwa uwar adashi da unguwarzoma sun fi kowa saninsu, kuma ta hannunsu ya kamata a bi, tun da namiji ba zai shiga gidajen mutane yana ƙirga tsofaffi ba. Sai a raba dubiya a tsakanin 'yan majalisa da jikokinsu yadda babu wanda zai yi mako ba a leƙa shi ba.

Majalisar da ta ga za ta iya wuce nan tana iya yin rajista a matsayin ƙungiyar ci gaban al'umma a sashen walwalar jama'a na sakatariyar ƙaramar hukuma, ko kuma a matsayin ƙungiyar gama kai idan akwai sana'a ko adashin da ake son faɗaɗawa. Abin da aka saba nema shi ne sunan ƙungiya, da jerin mambobi, da shugabanni, da ɗan taƙaitaccen tsarin mulki, da shaidar mai unguwa ko dagaci. Amfanin rajista shi ne ƙungiya ta samu bakin rubuta wa hukuma takarda, ta nemi a kawo awon jini da duban ido garinta, ta kuma nemi a ba ta wakilci a kwamitin raya mazaɓa da yake sa ido a kan asibitin matakin farko. Sai dai muna ba da shawarar a yi hattara da abu biyu. Kada a bari ƙungiyar ta zama reshen wata jam'iyya, domin ranar da aka yi haka rabin tabarmar zai tashi. Kada kuma a ba kowa kuɗi ko lambar asusun banki da sunan zai sa mutum cikin wani tallafi. Duk mai irin wannan magana a kai rahotonsa ga mai unguwa.

Akwai wani aikin kuma da littafin nan zai iya ɗauka idan an samu mai himma. Wanda yake da shekara 75 a yau ya ga farin 1973 da idonsa, ya ga shigowar shirin ilimin firamare kyauta a 1976, ya ga yunwar 1984, ya kuma ga ranar 27 ga Agusta 1991 da aka cire Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato. Ya san irin gero da dawar da suka jure fari, da inda ruwa yake kwanciya a shekarar ambaliya, da sunayen rijiyoyin da suka cike. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta na dindindin yana kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, kuma ɗalibanta na tarihi da na harsuna suna neman abin rubutawa kowace shekara. Ɗalibi ɗan Dalijan da zai zauna da kakarsa da wayar hannu ya ɗauki muryarta na awa biyu ya samu abin da babu shi a ɗakin karatun jami'ar, ita kuma ta samu mai hira na yini guda.